Aji ko Ɗakin Gwaji: Zaɓin da ke Gaban Mai Son Fiziks ɗin Ƙwayar Zarra

Duk wanda ya yi nisa a karatun fiziks har ya fara tunanin zama a jami'a, akwai ranar da hanya za ta rabu biyu a gabansa. Ɗaya ta koyarwa ce, inda mafi yawan makonsa zai ƙare a aji da ofis, tsakanin allo da takardun ɗalibai. Ɗayar ta bincike ce, kuma wadda nake magana a kanta a nan ita ce binciken ƙwayar zarra, inda kwanaki ke tafiya a ɗaki mai duhu cike da madubai da wayoyi. Jami'o'i sukan ce malaminsu yana yin duka biyun, kuma haka ne, ana haɗawa. Sai dai da wuya a raba lokaci daidai. Ɗaya ce za ta cinye ƙarfin mutum, da ita kuma za a auna shi ranar ƙarin girma. Gara ya san wadda ya ɗauka tun da wuri, kada ya farka bayan shekara goma ya tarar an zaɓa masa.

Fannin kansa yana bukatar ɗan bayani, domin mutane da yawa suna haɗa shi da nukiliya. Masu nukiliya suna nazarin cibiyar zarra, wadda Ernest Rutherford ya gano a 1911, da abin da ke faruwa idan ta tsage ko ta haɗe da wata. Masu fiziks ɗin zarra kuwa hankalinsu yana kan elektiron da ke kewaye da cibiyar, da yadda suke karɓar haske su sake shi, tun daga tsarin da Niels Bohr ya kawo a 1913. Daga wannan fanni aka samu agogon zarra. Louis Essen da Jack Parry sun ƙera mai aiki da zarrar wani ƙarfe da ake kira siziyam a Ingila a 1955, kuma a 1967 duniya ta amince cewa daƙiƙa ɗaya ita ce tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ke da alaƙa da zarrar siziyam 133. Taurarin ɗan'adam na GPS suna ɗauke da irin waɗannan agogo, da su wayar hannu ke gane inda take. Saboda haka mai shiga wannan bincike ba tashar nukiliya za shi ba. Teburin leza ne ke jiransa.

Bari mu shiga ɗakin mu ga ranar aiki, domin a nan ne yawancin masu sha'awa suke yin kuskuren hasashe. A tsakiyar ɗakin akwai wani tebur mai nauyi da ke zaune a kan ƙafafu masu iska, don kada girgizar bene ta iso shi. A kansa an jera madubai da gilasai fiye da yadda ido zai ƙirga a kallo ɗaya, kowanne an ɗaure shi da kusa a wurinsa. A gefe akwai akwatin ƙarfe mai tagogin gilashi wanda aka zuƙe iskar cikinsa kusan ƙarƙaf. Kafin a kai ga haka, sai an naɗe akwatin da wayoyin zafi da takardar alminiyam an gasa shi kwana da kwanaki, wani lokaci mako biyu, don tururin ruwan da ya maƙale a jikin ƙarfen ya fita. Shatin yatsa ɗaya a ciki yana iya ɓata aikin, a buɗe a wanke a sake daga farko.

A cikin akwatin ake sakin tururin wani ƙarfe da ake kira rubidiyam. A zafin ɗaki, kowace zarra tana gudun kusan mita 300 a daƙiƙa. Sai a harbo mata hasken leza ta fuska shida, mai tsawon zango nanomita 780 (nanomita kaso ɗaya ce cikin biliyan na mita), wanda ido ba ya ganinsa sosai, sai da kati na musamman ko kamara. Ana saita hasken ya ɗan gaza abin da zarrar ke karɓa. Idan ta nufo shi da gudu, gudun nata ne ke cike gibin, sai ta haɗiye shi, shi kuma ya ture ta baya. Ta kowace fuska ta nufa turin ne ke tarbarta, har gudunta ya koma 'yan santimita a daƙiƙa. A haɗa da maganaɗisu, sai zarra miliyoyi su taru wuri guda, ɗan dunƙule mai haske a allon kamara, sanyinsu bai kai kaso ɗaya cikin dubu na digiri ɗaya ba a saman sanyin ƙarshe, wato digiri 273.15 ƙasa da sifiri. An fara nuna irin wannan tarko a 1987, kuma sanyaya zarra da leza shi ya kawo wa Steven Chu da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips kyautar Nobel a 1997.

Ganin dunƙulen nan a karon farko abu ne da ke tsaya wa mutum a rai. Amma kashi mafi girma na ranakun ɗalibin bincike yana tafiya ne a wajen neman dalilin da ya hana shi fitowa. Leza ta zame daga saitinta saboda na'urar sanyaya ɗaki ta sauya zafi da digiri ɗaya. Madubi ya karkace da abin da bai kai gashin kai ba. Wata waya tana shigo da hayaniyar lantarki daga inda ba a sani ba. Mai wannan aiki yakan zama mai gyaran lantarki da safe, mai rubuta manhajar kwamfuta da rana, mai ɗaura bututu da yamma, kafin ya samu sa'a biyu na ainihin awo da dare, lokacin da gini ya yi tsit. Wanda wannan fafutuka ke ba shi daɗi, wanda zai kwana yana juya matsalar waya ɗaya a kansa ba tare da ya ƙosa ba, ya samu gidansa. Wanda abin da yake so a fiziks shi ne kyawun bayani da fahimta, zai iya shan wahala ƙwarai a nan.

Haƙurin da fannin ke nema ya wuce na kwanaki. Satyendra Nath Bose da Albert Einstein sun yi hasashen wani yanayi a 1924 zuwa 1925, inda zarra masu tsananin sanyi za su haɗu su zama kamar abu guda. Ba a gan shi a iskar gas ba sai 1995, lokacin da Eric Cornell da Carl Wieman suka samar da shi a Boulder ta jihar Kolorado, da zarrar rubidiyam kusan 2,000 a sanyin nanokelbin 170, wato kaso 170 cikin biliyan na digiri ɗaya a saman sanyin ƙarshe. Wolfgang Ketterle ya biyo baya da sodiyam cikin shekarar. Shekara 70 ke nan tsakanin lissafi da gani da ido, kuma a tsawon lokacin an yi masu bincike da yawa da suka ba da ƙuruciyarsu ga wannan nema ba tare da sunansu ya shiga kyautar Nobel da aka ba waɗannan ukun a 2001 ba. Ya kamata mai zaɓi ya sa kansa a sahun waɗannan, ya tambayi zuciyarsa ko aikin zai ishe shi lada.

Sai tsanin aikin, wanda shi ne ya fi korar mutane. Digiri na uku yakan ci shekara 3 zuwa 4 a yawancin ƙasashen Turai, a Amurka kuwa 5 zuwa 7, domin a can ana haɗa shi da darussan digiri na biyu. Bayansa sai aikin bincike na wucin gadi a ƙarƙashin wani farfesa, kwantiragin shekara 2 ko 3, sau da yawa a wata ƙasa, kuma ba kasafai ɗaya ke isa ba. A Jamus dokar 2007 ta taƙaita irin wannan kwantiragi mai wa'adi zuwa shekara 6 kafin digiri na uku da 6 bayansa, wanda bai samu kujerar dindindin ba a lokacin yakan nemi wata hanyar. A Amurka, wanda ya samu kujerar mataimakin farfesa yana da kimanin shekara 6 ya gina ɗakin gwajinsa, ya nemo kuɗi, ya wallafa maƙalu, kafin a yanke hukuncin tabbatar da shi ko sallamarsa. Lissafin a fili yake: farfesa ɗaya yana yaye ɗaliban digiri na uku masu yawa a rayuwarsa, kujera ɗaya kuma zai bari ranar ritaya. Shekarun nan na yawo su ne daidai shekarun da mutum ke son yin aure ya zauna, ko ya kula da iyayen da ƙarfinsu ya fara raguwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin bai kamata kowa ya ji kunyar sa shi a ma'auni ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa matasa ba. Wanda ya yi nasara a bincike, nasarar ce ke raba shi da teburin da ya ƙaunata. Shugaban rukuni yana kwana rubuta takardun neman tallafi, da rahoto ga waɗanda suka ba da kuɗi, da duba rubutun ɗalibai, da tafiye-tafiyen taro. Babban tallafin da hukumar bincike ta Tarayyar Turai ke ba sababbin shugabannin rukuni yakan kai Yuro miliyan 1.5 na shekara 5, masu nema kuwa sun ninka masu samu sau da yawa. Ba tare da irin wannan kuɗi ba, ba leza, ba famfon zuƙe iska, ba albashin ɗalibai. Mai bincike ta hanyar lissafi da kwamfuta ya fi sauƙin kaya, tunda alƙalami da na'ura mai ƙarfi da abokan tattaunawa sun ishe shi. Rumbun maƙalu na intanet mai suna arXiv, wanda Paul Ginsparg ya fara a 1991, yana ba kowa damar karanta sababbin maƙalu kyauta, cibiyar nazarin fiziks ta hanyar lissafi kuma, wato ICTP, da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 an gina ta ne domin masanan da ke aiki a inda kayan bincike suka yi ƙaranci. Wanda ya san jami'ar da zai zauna ba ta da wutar lantarki tsayayya ko kuɗin kayan gwaji, amma zuciyarsa na kan zarra, ya dubi ɓangaren lissafi da idon basira tun kafin ya zaɓi mai duba aikinsa.

To, mu koma aji. Kuskuren da aka fi yi game da koyarwa shi ne ɗaukarta a matsayin wurin da wanda bincike ya kayar yake fakewa. Wanda ya shige ta da wannan zuciya zai cutar da kansa ya cutar da ɗalibai, domin koyar da fiziks aiki ne mai wuya a karan kansa. Ga misali ɗaya. Ka jefa ƙwallo sama, ka tambayi aji wane ƙarfi ne ke aiki a kanta bayan ta bar hannu tana hawa. Ɗalibai da yawa, har da waɗanda suka ci jarrabawar lissafin Newton da maki mai kyau, za su ce akwai ƙarfin hannu da ke biye da ita yana ƙarewa a hankali. Babu shi. Idan aka ajiye turjiyar iska gefe, jan ƙasa ne kaɗai. Sun haddace dokar, sun iya saka lambobi a cikinta, amma tsohon tunanin da suka taso da shi yana nan daram a ƙarƙashi. Aikin malami shi ne ya tono wannan tunani ya fito da shi fili, ya sa ɗalibi ya ga inda ya karye da idonsa.

An auna wannan matsala, ba zato ba ne. A 1992 David Hestenes da abokan aikinsa suka wallafa wata jarrabawa ta fahimtar ƙarfi da motsi wadda ba ta bukatar lissafi. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai fiye da 6,000 daga kwasa-kwasai 62. A azuzuwan da malami ke lacca ɗalibai na rubutu, sun cike kimanin kashi 23 cikin 100 na abin da ba su sani ba a farkon zango. A azuzuwan da ake sa su tunani da muhawara da juna, sun cike kimanin kashi 48. Eric Mazur na jami'ar Harvard ya gina salonsa a kan haka: ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake zaɓe. Abin da wannan ke nufi ga mai zaɓi shi ne koyarwa ma fage ce ta bincike, mai mujallunta da tarukanta da digirinta na uku. Malamin da ke son gwaji da awo bai rasa su ba don ya zaɓi aji.

Nauyinta dabam ne da na ɗakin gwaji. Ba ta barin mutum ya ɓace cikin matsala ɗaya na wata guda, domin jadawali ba ya jira. Kowace sa'a ta aji tana jan wasu sa'o'i a bayanta, na shiri da tsara tambayoyi da makin takardu da zama da ɗalibin da ya biyo ka ofis, musamman a shekarun farko da kake gina kowane kwas daga tushe. A Faransa, malamin jami'a mai haɗa koyarwa da bincike yana da sa'a 192 na darasi a shekara bisa ƙa'ida, alhali takwaransa da CNRS, hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, ta ɗauka don bincike ba a wajabta masa aji ba. Wanda aka ɗauka don koyarwa zalla nauyinsa ya fi haka nesa. Ga maimaici kuma: dokokin Newton ɗin da ka koyar bana su za ka koyar baɗi. Wani yana jin kowane sabon aji sabuwar matsala ce, wani kuwa a shekara ta biyar ransa ya gundura. Dole kuma a faɗi gaskiya, a manyan jami'o'in bincike maƙala da tallafi sun fi aji nauyi a teburin ƙarin girma, kuma kujerun koyarwa da yawa su ma na kwantiragi ne.

A ɗaya hannun, koyarwa tana ba da abin da bincike ke rowarsa. Sakamakonta yana zuwa da wuri, a fuskar ɗalibin da abu ya faɗa masa daidai a tsakiyar darasi. Guraben aikinta sun fi yawa, tunda duk inda ake horar da injiniyoyi ko likitoci ko malaman sakandare ana bukatar mai koyar da fiziks, ɗakunan sanyaya zarra kuwa a 'yan wurare suke. Tana barin mutum ya zauna gari ɗaya ya kafa iyali. Tasirinta kuma yana daɗewa ta hanyar da ba a iya ƙirgawa da maƙalu. Arnold Sommerfeld na Munik an gabatar da sunansa don kyautar Nobel sau 84 bai samu ba, amma Werner Heisenberg da Wolfgang Pauli da Peter Debye da Hans Bethe duk ɗalibansa ne, kuma duk sun samu. Shi babban mai bincike ne, ba shakka, sai dai abin da aka fi tunawa da shi a yau shi ne mutanen da suka fito daga hannunsa.

Abin da na fi so mai zaɓi ya riƙe shi ne ƙofofin biyu ba faɗinsu ɗaya ba. Daga bincike zuwa koyarwa hanya a buɗe take kusan koyaushe. Carl Wieman ɗin nan da ya samu Nobel a 2001 ya kafa shirin PhET a 2002, wanda ke samar da gwaje-gwajen kwamfuta kyauta ga ɗalibai, a 2007 kuma ya koma jami'ar British Columbia ta Kanada don ya jagoranci gyaran koyar da kimiyya. Komowa daga koyarwa zalla zuwa gwajin zarra kuwa yana da wuya ƙwarai. Shekara biyar ba ka taɓa leza ba, ba ka wallafa komai ba, fasahar ta wuce ka, masu ba da tallafi kuma abin da ka yi kwanan nan suke dubawa. Don haka wanda har yanzu zuciyarsa ke rawa, shawarata ya yi digirinsa na uku a bincike, amma ya nemi aji da gangan a lokacin, ya riƙe darasin gwaji ko na warware tambayoyi zango biyu ko uku, ya lura da kansa. Ranar da yake da aji, da ɗoki yake tashi ko da nauyin zuciya? Ranar da leza ta ƙi saituwa tun safe har dare, ya koma gida yana tunaninta ko yana neman hanyar tsira? Jiki magayi. Wanda kuwa ya riga ya tabbata aji yake so, babu dalilin ya ƙona shekara shida yana yawon kwantiragi don kawai a ce ya gwada.

Horon binciken yana da wata riba ko da mutum ya bar jami'a gaba ɗaya. Kamfanonin kwamfutar kwantam, wato sabuwar kwamfuta mai aiki da dokokin ƙananan abubuwa kamar zarra, irin su IonQ da Quantinuum da QuEra da Pasqal a kan zarra da aka kama da leza ko da lantarki suka gina injinansu, kuma irin hannun da ɗakin gwajin jami'a ke horarwa suke ɗauka. Haka masu ƙera leza da agogo da na'urorin awo. Mai koyarwa zalla mafitarsa ta fi karkata ga tsara manhajar karatu da horar da malamai da shugabancin makarantu.

Masu son haɗa biyun kada su yanke ƙauna, amma su san taura biyu ba ta taunuwa sai an rage girman kowace. Akwai ƙananan kwalejoji, musamman a Amurka, inda malami ke koyarwa sosai yana kuma riƙe da ɗakin gwaji tare da ɗaliban digiri na farko. A kwalejin Amherst, wadda ba ta da ɗaliban digiri na uku, David Hall ya gina na'urar samar da yanayin Bose da Einstein, kuma a 2014 aikin rukuninsa ya fito a mujallar Nature. Tun 1995 Wieman da abokansa suka wallafa yadda za a haɗa tarkon zarra mai rahusa don ɗakin gwajin ɗalibai. Binciken irin wannan wuri yana tafiya a hankali, yawanci a lokacin hutu, kuma dole a zaɓi tambayar da manyan rukunai ba sa tsere a kanta. A manyan jami'o'i ma ana samun masu riƙe aji da mutunci. Anne L'Huillier ta jami'ar Lund a Suwidin tana cikin darasi aka yi ta kiranta a 2023 don a sanar da ita kyautar Nobel. Ta ɗauki wayar a lokacin hutun tsakiya, sannan ta koma ta ƙarasa wa ɗalibanta darasin.

Kafin a sa hannu a kowace takardar aiki, sunan muƙamin ba ya gaya wa mutum komai, domin lakcara a wata ƙasa mai bincike ne, a wata kuma mai koyarwa zalla. A tambayi sa'o'in aji nawa ne a mako, da yawan ɗalibai a kowane aji, da ko akwai masu taimakawa wajen maki. A tambayi abin da aka duba wajen ƙarin girman mutum uku na ƙarshe a sashen, domin abin da aka yi ya fi abin da aka rubuta gaskiya. Mai gwaji ya tambayi kuɗin fara aiki, da ɗakin da za a ba shi, da ko akwai ma'aikatan bita masu gyaran ƙarfe da lantarki, ya kuma nemi a kai shi ya ga ɗakin da ƙafarsa. Mai neman digiri na uku ya keɓe da ɗaliban farfesan ba a gabansa ba, ya ji shekara nawa suke ɗauka kafin su gama, sau nawa suke ganinsa a wata, da inda waɗanda suka gama a shekara biyar da suka wuce suke aiki yanzu.